Darasi na 14: Kowa da Rabonsa na Garu

Abin karantawa: Nehemiya, sura 3 da sura 4, Ayyukan Manzanni 16:16-34.
Ayar haddacewa: Nehemiya 4:9.

Mai koyarwa ya sa a karanta surorin nan da murya kafin a soma bayani. Sura 3 ta Nehemiya cike ta ke da sunaye masu wuyar faɗi, masu karatu da yawa kuwa su kan tsallake ta, suna cewa babu abinci a ciki. Kada a tsallake ta yau. A bar mai karatu ya yi ta tuntuɓe da sunayen har ya kai ƙarshe, gama darasinmu yana cikinsu. Zancenmu shi ne yadda mai bi zai shirya gidansa da unguwarsa domin ranar girgizar ƙasa, da kowace irin rana mai kama da ita.

Ko ƙasarmu tana motsi?

'Yan'uwa, in aka ambaci girgizar ƙasa, mutumin Jalingo ya kan ɗauka labarin nesa ne, irin wanda a ke ji a rediyo, a yi juyayi, a wuce. Mun ji na Turkiyya da Siriya ran 6 ga Fabrairu 2023, inda mutum fiye da 50,000 suka hallaka. Bayan wata bakwai muka ji na Maroko, inda kusan mutum 3,000 suka mutu, yawancinsu a ƙauyukan kan duwatsu, cikin gidajen ƙasa da dutse waɗanda ba su bambanta da namu ƙwarai ba.

Masana sun ce bayan duniyan nan yana kama da ƙwaryar da ta fashe aka ɗinke. Sassanta suna gogar juna sannu sannu, har ran da wani wuri zai kuɓuce farat ɗaya, ƙasa ta kaɗa. Manyan girgiza su kan auku ne a bakin ɗinki. Nijeriya tana tsakiyar sakaina, nesa da bakin, shi ya sa muka huta da yawancin wannan wahala. Amma gabas da mu akwai jerin duwatsu masu wuta a ciki, wanda ya taso daga teku, ya bi ta Dutsen Kamaru, ya zo ta kan iyakarmu wajen Mambila, har ya kai tudun Biu. Dutsen Kamaru ya yi aman wuta a 1999, ya sake yi a 2000. An rubuta cewa ƙasa ta motsa a Jalingo da Gembu a 1982, a Yola a 1984, a Gembu kuma a 1987. A watan Satumba 2016 ta motsa a Kwoi ta Jihar Kaduna har bangon gidaje ya tsattsage, a Satumba 2018 kuwa mutanen Mpape a Abuja suka ji ta. Gwamnati tana da ofishi a Toro ta Jihar Bauchi inda a ke auna irin wannan motsi.

Dukan waɗannan ƙanana ne, ba za mu kuwa tsorata ku da abin da ba haka ya ke ba. Ƙasarmu tana cikin wuraren da babbar girgiza ta ke da wuyar aukuwa. Duk da haka, a Yammacin Afirkan nan ta taɓa kashe mutane a Akara a 1939, ta kashe ɗaruruwa a Gini a watan Disamba 1983, su ma kuwa a tsakiyar sakaina su ke kamarmu.

Abu ɗaya ku riƙe da kyau: har yau babu masani, babu na'ura, da ke iya faɗin ranar da ƙasa za ta girgiza. A watan Janairu 2010, kwanaki kaɗan bayan girgizar Haiti, jita-jita ta bazu a Gana ta wayar hannu cewa abin zai auku da dare. Jama'a suka kwana a fili, gari ya waye, babu abin da ya faru. In wani ya zo muku da rana da sa'a, ko ya ce a mafarki ya gani ko a waya aka aiko masa, kada ku tura wa kowa. Ubangijinmu ya ambaci girgizar ƙasa cikin Matta 24, a nan kuma ya gargaɗe mu kada mu firgita, kada kuma a ɓad da mu.

Abin da ya riga ya same mu

Da daren 21 ga Agusta 1986, Tafkin Nyos, a kan duwatsun Kamaru ba nisa da iyakarmu, ya saki wata iska marar launi wadda ta daɗe tana taruwa a ƙarƙashin ruwa. Irin iskar da mu ke fitarwa ce in mun numfasa, amma mai yawan gaske. Da ya ke ta fi iskar sarari nauyi, sai ta gangara cikin kwaruruka kamar ruwa, ta shaƙe mutum wajen 1,700 da dabbobi wajen 3,500, da yawa cikin barcinsu. Daga baya aka kafa bututu a tafkin a 2001, aka ƙara a 2011, domin iskar ta riƙa fita kaɗan kaɗan. Masana kuma suka lura gaɓar da ke tare ruwan tafkin ba ta da ƙarfi, in ta karye kuwa ruwan zai biyo Kogin Katsina-Ala ya faɗo mana. Wannan yana cikin dalilan da suka sa aka gina madatsar Kashimbila a ƙasar Takum. An kashe dukiya mai yawa domin ranar da watakila ba za ta zo ba, ba mu kuwa ji mai hankali ya ce ɓarna aka yi ba.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne ruwa. A watan Agusta 2005, bayan ruwan sama mai yawa, Kogin Lamurde ya cika ya batse, gadar Nukkai ta karye da mutane a kanta, rayuka masu yawa suka salwanta. A 2012 da 2022, da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, Binuwai ya ci gonaki da gidaje a Lau, da Karim Lamido, da Gassol, da Ibi. Saboda haka in muna zancen girgizar ƙasa, ku sa ambaliya a zuciyarku tare da ita, da gobara, da guguwar farkon damina. Shirin duk ɗaya ne. Gidan da ya shirya wa wadda ba ta cika zuwa ba ya riga ya shirya wa wadda ke zuwa kusan kowace shekara.

Mutanen Littafi Mai Tsarki sun san girgiza da jikinsu, gama kwarin Urdun bakin ɗinki ne. Annabi Amos ya ƙidaya farkon aikinsa daga girgizar da aka yi a zamanin sarki Uzziya, ya ce shekara biyu kafin ta ne (Amos 1:1). Bayan shekara fiye da 200 annabi Zakariya yana tuna wa jama'a yadda kakanninsu suka gudu a ranar (Zakariya 14:5). Masu haƙa tsofaffin kufai sun tarar da bangaye a karkace a Hazor, na wannan zamani. Dubi fa, iyaye sun faɗa wa 'ya'ya, 'ya'ya sun faɗa wa jikoki, har tsara bakwai ko takwas. Mu kuwa 2005 jiya-jiya ce, amma wanda ya bi bakin Lamurde da Mayo Gwoi da rani zai ga harsashin gini a inda ruwa ya taɓa kwana.

Kada kuma wani ya ce waɗanda suka mutu a Nukkai ko a Nyos alhakinsu ne ya kama su. An taɓa kawo wa Yesu irin wannan tunani, sai ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ƙi yarda cewa sun fi sauran mutanen Urushalima laifi, ya juya maganar ga masu sauraro, su tuba (Luka 13:1-5). Wanda ya tsaya a gidan makoki yana lissafin zunubin mamaci ya ɗauki aikin da Ubangiji bai ba shi ba.

Shiri da bangaskiya

Akwai 'yan'uwa masu tsoron Allah waɗanda wannan darasi zai dame su. Za su ce, ai Zabura 127 ta koya mana tsaron mai tsaro banza ne in ba Ubangiji ke tsare birni ba. Yesu kuma ya hana mu damuwa a kan gobe. Ashe ajiye ruwa da fitila ba alamar shakka ba ce? Tambayar tana da nauyi, kada mai koyarwa ya yi wa mai ita dariya.

Mu dubi Nehemiya. Wajen shekara 445 kafin haihuwar Almasihu ya zo Urushalima ya tarar da garu a rushe. Ba mu san wani mai addu'a da ya fi shi ba. Littafinsa da azumi da kuka ya soma. Amma sa'ad da maƙiya suka ƙulla shawara, ayar haddacewarmu ta nuna abu biyu da suka yi a lokaci guda: suka roƙi Allah, suka kuma sa masu tsaro dare da rana. Marubucin bai ga wani saɓani a tsakaninsu ba. Zabura 127 ɗin ma ba ta kori mai tsaro daga kan garu ba, ta faɗa masa ne ga wanda zai dogara.

Abin da Yesu ya hana cikin Matta 6 shi ne alhinin da ke hana barci, yana cin zuciya kamar gara. Tanadi kuwa Allah da kansa ya ba Yusufu hikimarsa, ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin Masar shekara bakwai. Ga kuma wata doka da ba a cika yin wa'azi a kanta ba, Kubawar Shari'a 22:8. An umurci mai sabon gida ya kewaye kan soronsa da rawani, domin in wani ya faɗo ya mutu, alhakin jininsa yana kan gidan. Watau a gaban Allah, yadda ka gina gidanka maganar jini ce. Mai gidan ba zai iya cewa kwanan mamacin ne ya ƙare ba. Wanda ya ga bango ya tsage, ya shimfiɗa wa 'ya'yansa tabarma a gindinsa yana cewa Allah zai kiyaye, ya tuna wanda ya kai Yesu kan tsororuwar haikali ya ce ya dira, har yana kawo masa aya, ya tuna kuma amsar da ya samu (Matta 4:5-7).

Rabonka na garu

Cikin sura 3 an maimaita sau da yawa cewa wane ya gyara wurin da ke fuskantar gidansa. Nehemiya ya san halin mutum: ba ya ha'inci a ginin da 'ya'yansa za su kwana a bayansa. To, mu ma mu soma daga gida.

Girgiza ita kaɗai ba ta cika kashe mutum a fili ba. Abin da mutum ya gina shi ke faɗo masa. Mai shirin gini kada ya yarda da bulon da aka tsuke wa siminti, wanda ke marmashewa in an murza shi da hannu. A zuba ginshiƙi da rodi a kowace kusurwa, a kuma zagaye ginin duka da linta, kada a tsaya a kan ƙofa da taga kaɗai, gama ita ce ɗamarar da ke riƙe bangaye huɗu su zama ɗaya. A ɗaure rufi da bango sosai. Birkila mai bi, da mai buga bulo, da ɗan kwangila, wannan magana taku ce kafin ta kowa: rodin da kuka rage ba wanda zai gani bayan an yi filasta, sai Allah, sai kuma ranar. Mai gidan ƙasa ya duba azara ko gara ta ci, ya yi yaɓe kafin damina, ya kau da ruwa daga gindin bango.

Wanda ya riga ya gina, ko yana haya, shi ma yana da aiki. Ka zaga gidanka da idon baƙo. Tankin ruwan nan da ke kan ƙarfe, in ya faɗi a kan ɗakin wa zai faɗi? Doguwar katangar nan marar ginshiƙi, ba a gindinta yara su ke kwana da bazara ba? Kabad ɗin uwargida mai cike da tangaran, wanda ke tsaye a kan gado, a ɗaure shi da bango ko a sauya masa wuri. Tukunyar gas da jarkar fetur su bar ɗakin kwana. Ga kuma wani abu da tsoron ɓarayi ya jawo mana: taga duk ƙarfe, ƙofa da kwaɗo biyu, mabuɗi kuwa yana aljihun maigida. A sa wa mabuɗi wuri guda kusa da ƙofa, wanda ko yaro zai laluba ya samu cikin duhu.

Dare ɗaya a Filibi

Yanzu mu juya ga karatunmu na biyu. An yi wa Bulus da Sila dūka, an jefa su can cikin kurkuku, an sa ƙafafunsu a turu. Da tsakar dare suna addu'a da waƙa, sai babbar girgiza ta kaɗa harsashin gidan, ƙofofi suka buɗe. Mun saba karanta labarin domin tambayar yari a kan ceto, daidai ne kuwa, ita ce zuciyarsa. Amma ku lura da abin da aka yi a daren, bi da bi.

Da fari yari ya zare takobi zai kashe kansa, domin ya zaci 'yan sarƙa sun gudu. Girgizar ba ta taɓa shi ba, firgita ce ta kusa kashe shi. Abin da ya cece shi murya ce mai ƙarfi ta mutum wanda hankalinsa ke kwance, wanda kuma ya iya tabbatar masa babu ko ɗaya da ya ɓace. Bulus ya san waɗanda ke tare da shi cikin duhu. Daga nan yari ya nemi fitila. Sa'an nan aka sami ruwa, ya wanke musu raunuka. Daga baya ya kai su gida ya sa musu abinci. Ƙidaya, da haske, da ruwa, da abinci: har yau masu aikin agaji ba su wuce waɗannan ba.

Ƙidaya tana bukatar wurin taruwa. Maigida da uwargida su zaɓi fili guda, nesa da katanga da turakun lantarki, a tudu in gidan yana kusa da kogi, kowa a gida ya san shi. Yaro ya haddace lambar wayar ubansa ko ta uwarsa kamar yadda ya ke haddace aya. A san wanda zai ɗauki jariri, da wanda zai kama hannun kaka, tun yau, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Haske shi ne tocila mai batir a inda hannu zai kai daga kan gado, da takalmi a kusa, saboda fasasshen gilashi da ƙusa. Kada a ƙyasta ashana sai an tabbata gas ba ya yoyo.

Ruwa kuwa, a lissafta lita 4 ga kowane mutum a yini, domin sha da ɗan girki. Gida mai mutum 8 zai bukaci lita 96 na kwana uku, watau jarka huɗu masu cin lita 25. A rufe su, a riƙa sauya ruwan. Bayan ambaliya ko girgiza rijiya ta kan gurɓace da ruwan masai, amai da gudawa kuma su biyo baya su kashe waɗanda suka tsira. A tafasa ruwan sha. Kowace uwa ta san haɗin ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Abinci ya zama wanda ba ya bukatar wuta, kamar garin kwaki, da ƙuli-ƙuli, da gyaɗa, da dabino. A haɗa da maganin mai hawan jini da mai ciwon sukari, da tsumma mai tsabta na ɗaure rauni, da ɗan kuɗi a hannu. Wanda ya ga wahalar takardar kuɗi a farkon 2023 ba ya bukatar a yi masa bayani. Takardun fili, da na haihuwa, da na makaranta a naɗe su cikin leda, a sa duka a jaka guda kusa da ƙofa.

In ƙasa ta soma kaɗawa kana cikin ɗaki, ka durƙusa, ka kāre kanka da wuyanka, ka shiga ƙarƙashin tebur ko benci mai ƙarfi, ka riƙe ƙafarsa har ta lafa. Yawancin raunuka daga abin da ke faɗowa ne, da faɗuwar masu gudu. Wanda ke kan bene kada ya bi matakala sai motsi ya tsaya. Amma mai ɗakin ƙasa mai nauyin rufi, in ƙofa tana kusa, tsakar gida kuma fili ce, gara ya fita nan da nan ya nisanci bango. Mai mota ko keke ya tsaya nesa da gada. In ta lafa a kashe wutar murhu, a rufe gas, a fita, kada a yi hanzarin komawa cikin ginin da ya tsage, domin ƙananan girgiza su kan biyo babba. Ranar ambaliya kuma kada kowa ya je kallon ruwa a kan gada ko a bakin gaɓa.

Garun ɗaya ne

Ga inda darasin ya fi nauyi. Kowa ya gyara wajen gidansa, amma abin da su ke ginawa garu ɗaya ne, in kuwa rabon mutum ɗaya ya zauna a rushe, aikin sauran duka ya tashi a banza. Shi ya sa aka rubuta sunayen. Akwai firistoci, da maƙeran zinariya, da masu haɗa turare, da 'yan kasuwa, mutanen da gini ba sana'arsu ba ce. Akwai Shallum, mai mulkin rabin yankin Urushalima, wanda ya yi aiki tare da 'ya'yansa mata (3:12). Akwai Meshullam, wanda aka ce ya gyara wajen ɗakinsa (3:30). Mai haya a ɗaki guda kada ya ce ba shi da rabo. An kuma rubuta abin kunya: manyan Tekowa sun ƙi sa wuyansu ga aikin (3:5), talakawansu kuwa suka gama rabonsu suka ɗauki na biyu (3:27). Cikin kwana 52 aka gama.

Ran 17 ga Janairu 1995 girgiza ta rushe birnin Kobe na Japan, mutum fiye da 6,000 suka mutu. Japan ƙasa ce mai arziki da kayan aiki, duk da haka mafi yawan waɗanda aka tono da rai daga ƙarƙashin gini, iyalinsu da maƙwabtansu ne suka tono su. Hanyoyi sun toshe, ma'aikata ba su isa ko'ina ba. Muna da hukumar NEMA, da ta jiha, da lambar gaggawa 112, da Asibitin Tarayya a nan Jalingo, a kuma neme su. Amma in gada ta karye, waya ta ɗauke, wanda zai fara ɗaga maka azara shi ne mutumin da katangarku ɗaya.

Wane ne shi? A Magami, ko Sabon Gari, ko Mayo Gwoi, watakila Mumuye ne, ko Bafillace, ko Jukun, ko Bahaushe, ko Tibi. Watakila masallaci ya ke zuwa. Jiharmu ta sha rigingimun ƙabila da na addini, har waɗansu sun shekara ba su taka zauren maƙwabcinsu ba. Kada mu karanta Nehemiya mu ɗauka garunmu ya tsaya a kan 'yan Ekklesiya. Irmiya ya umurci kamammu su nemi lafiyar Babila, birnin waɗanda suka kwashe su, gama lafiyarsu tana ɗaure da tata (Irmiya 29:7). Mutumin da Bulus ya hana kashe kansa kuwa, shi ne wanda ya sa ƙafafunsa a turu da maraice. Bulus bai jira ya tuba tukuna ba. Ya ceci ransa, tambayar ceto ta biyo baya. Ni a ganina, Ekklesiyar da ta rubuta sunayen gwaurayenta ta bar tsohuwar da ke bayan katangarta domin ba ta zuwa sujada, ba ta gane darasin nan ba tukuna.

Saboda haka dattawa su tafi wurin mai unguwa, tare da liman in ya yiwu, a zauna a daidaita. Nehemiya ya ajiye mai busa ƙaho kusa da shi, domin aikin yana da faɗi, mutane suna nesa da juna, aka kuma yarda duk inda aka ji ƙaho a taru a can (4:18-20). Namu ƙahon ƙararrawar majami'a ce, da lasifikar masallaci, da usur. Sai dai a yarda tun da wuri irin bugun da ke nufin haɗari, da filin da za a nufa. Zumuntar Mata sun fi kowa sanin gidan da ke da mai ciki, da makaho, da gurgu, da tsohon da ke kwana shi kaɗai. Su rubuta, a sa wa kowane ɗaya mutum biyu da za su neme shi. A san gidan da ke da shebur, da diga, da tsani, da igiya, da wanda ke da mota, da inda ma'aikaciyar jinya ta ke zaune. Matasa su nemi ƙungiyar agaji ta Red Cross ta koya musu taimakon farko. Kafin damina kuma a fito gayya a yashe lambatu, gama ledar da ka zubar a ƙofarka a ɗakin na ƙasa da kai za ta kwana.

In ya zama sai an tono mutum, a sa jama'a su yi tsit lokaci lokaci a kasa kunne. Wanda gini ya danne ya riƙa ƙwanƙwasa ƙarfe ko dutse, kada ya ƙare ƙarfinsa da ihu cikin ƙura. In an kusa kai gare shi a ajiye diga a yi da hannu. Kada a fizge shi ta hannu ko ƙafa. Wanda ya bugu a baya ko wuya a ɗauke shi a miƙe a kan ƙyaure. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta.

Majami'armu ma gida ce. Masu kula da ita su duba katakon rufi, su ga ko ƙofofi suna buɗewa waje, kada kuma a kulle ko ɗaya da kwaɗo lokacin sujada. Ran da aka rasa wurin kwana, nan jama'a za su nufo, na ciki da na waje.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. In wani ɗan'uwa ya ce maka tanadi rashin bangaskiya ne, da waɗanne wurare na Littafi za ka amsa masa, ba tare da ka raina shi ba?
2. Bisa ga Kubawar Shari'a 22:8, in ginin haya ya faɗa wa mutane, ina rabon mai gida, ina na birkila, ina na wanda ya gani ya yi shiru?
3. Me ya sa Bulus bai gudu ba sa'ad da ƙofofi suka buɗe?
4. Gida nawa ne a layinku da ba ka san adadin masu kwana a ciki ba? Me ya hana?

Kafin taro mai zuwa, kowane maigida ya zaga gidansa tare da iyalinsa, su gyara abu ɗaya da suka gani, su kuma gwada fita zuwa wurin taruwa sau ɗaya da dare, ba tare da kunna lantarki ba. Kowa ya gai da maƙwabci ɗaya wanda ya daɗe bai shiga gidansa ba, ya tambaye shi mutum nawa ke kwana a gidan. A zaɓi mutum biyu yau, namiji da mace, waɗanda za su je wurin mai unguwa su kawo mana amsa.

A rufe da addu'a domin iyalan da suka yi rashi a Nukkai, da masu zama a bakin Binuwai, da magina, da mai unguwarmu, kowa a ambace shi da sunansa.